Yadda Babana Ya Rubuta Gidan Raini

Duk wani allo da ke layinmu, tun daga na mai aski har na mai gyaran rediyo, babana ne ya rubuta shi. Shi ya sa ba wanda ya riƙe sunansa na gaskiya sai mu 'yan gida. Kowa Baba Fenti yake ce masa, har likitan da ke duba masa hawan jini. Gajere ne kakkaura, kuma da wuya ka ga furfurar gashin bakinsa babu ɗigon shuɗi ko ja a jiki. Ni kaɗai ya haifa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana ko da faɗa yake yi min. Mutane na cewa na gaji taurin kansa, amma ƙarya ne. Nasa yana nan wurinsa bai ragu ba, nawa daban na zo da shi.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin benen da muke haya. Gwangwanayen fenti jere har rufi, burusai tsaye cikin kwalaben kalanzir, tsani jingine a bayan ƙofa, da wata doguwar rula ta ƙarfe da ba ya ba kowa aro. Tun ina yarinya na san abin da ya fi alfahari da shi a duniya, wato harafin O. Maigidan da ya koya masa aiki ba ya yaye yaro sai ya ja O da hannu, ba rula ba komai, a numfashi ɗaya. Baba yakan ce sauran haruffa duk suna da tasha, kana iya tsayawa a kwana ka huta ka gyara.

"Amma ita O ba ta da tasha," in ji shi. "Inda ka tashi nan za ka dawo. In ka yi ƙarya a hanya, duk mai wucewa zai gani."

A da, in aka ji Baba zai ja O, mutane kan bar abin da suke yi su zo kallo. Zai tsoma burushi, ya ɗan zaro harshe ta gefen baki, ya zagaya shuu, baki ya haɗu da baki kamar an auna. Masu fentin da ke kifa murfin gwangwani su zagaye shi kuwa, ba abin da ya tsana kamarsu. 'Yan murfi yake ce musu. A hankali kalmar ta zama zagi mafi girma a bakinsa. Telan da ya ɓata masa riga ɗan murfi ne. Mai karanta labarai a rediyo in ya yi tuntuɓen harshe ɗan murfi ne. Mijina ma, lokacin da yake nemana, ya daɗe yana ɗan murfi kafin a yi masa ƙarin girma zuwa "yaron nan".

Bayan rasuwar mahaifiyata sana'ar ta fara ja baya. Wani saurayi da ake kira Mai Kwamfuta ya buɗe shago a bakin titi, da injin da ke buga allo kafin ka gama shan shayi, ya kwashe rabin masu kawo aiki. Rabin da ya rage kuma Baba da kansa ya shiga kora. Tsufa ya zo masa da wata sabuwar tsirfa ta gyara wa mutane magana. Mai kayan masarufi ya ce a rubuta masa "Shago", Baba ya ce "Kanti" ya fi kwarjini. Mai otal ya zo, aka ce masa otal ba Hausa ba ce, ya tafi da "Masauki". A makarantar layinmu "Ƙofar Fita" ta koma "Mafita". Lambar waya kuwa ya daina sa wa kowa, wai mai son ka da ƙafarsa zai zo. Mai hoto, amininsa na shekara da shekaru, ya kawo allo a sabunta masa, Baba ya tono wata tsohuwar rigima a kan aron kujera ya fatattake shi. Na ce a raina tsoho dai ya fara rikicewa, Allah ya ba mu haƙurin zama da shi.

Ana cikin haka na haifi 'yata. Ni a ɗakin wanki na wani asibiti nake aiki, safe zuwa la'asar, cikin tururi da zannuwan gado. Mijina direban babbar mota ne, in ya tafi sai dai mun gan shi. Da hutun haihuwa ya ƙare na je wani gidan raino na kuɗi mai labule da furanni. Matar da ke riƙe da wurin ta faɗa min abin da za a riƙa biya duk wata, na tambaye ta ko har da jami'a a ciki. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na dawo na zauna a matakalar bene ina tunanin ajiye aiki, sai ga Baba ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Kawo ta nan," ya ce. "Wanda ya iya haɗa launi ne zai kasa haɗa madara?"

Haka yarinyar ta tashi a shago. Ya yi mata gado da kwali a bayan teburinsa. In za shi aiki waje sai ya goya ta da wani tsohon ƙyallen talla, ya bi titi da jaririya a baya an rubuta mata RANGWAME da manyan haruffa. Mata suna dariya, shi ko a jikinsa. Ya sa mata suna Manaja, ya kafa doka duk wanda ya shigo sai ya gaishe ta kafin a yi maganar aiki. 'Ya'yan mutane da "Mama" suke buɗe baki, tawa da "Bai bushe ba!" ta buɗe. In ka miƙa hannu za ka ɗauke ta, bai bushe ba. In ka nufi burodinta, bai bushe ba. Zan faɗi gaskiya, tun da aka binne mahaifiyata ban ƙara jin dariyar Baba ba sai da Manaja ta kama aiki.

Amma jaririyar kwali daban, mai ƙafa daban. Da ta shekara biyu ta fara karɓar kwangila da kanta. Kyanwar mai shayi ta wayi gari shuɗiya daga wuya zuwa wutsiya. Na sha wanke koren fenti a kan yarinyar nan har sabulu ya gaji. Duk wannan na shanye. Ranar da ban shanye ba ita ce ranar da na dawo daga aiki na tarar da ita a ƙarƙashin tebur, ta riƙe kwalbar kalanzir da hannu biyu tana kaiwa baki, Baba yana waje yana musu da mai aski. Na fizge kwalbar. Ya rantse ya rufe ta. Na bi gwangwanaye da kwalabe ɗaya bayan ɗaya, duk murafen a ɗore kawai suke, ba wanda aka danne ko aka murɗa. Na ce masa sakaci ne, da muryar da duk benen ya ji. Ya zura hannuwansa a aljihu.

Ba ni kaɗai ke cikin wannan hali ba. Matar mai aski a kasuwa take saye da sayarwa, ɗanta a ƙarƙashin tebur yake wuni da igiya a ƙafa. Wata mai shara a banki kulle nata take yi a ɗaki, ta bar wa maƙwabciya makulli da addu'a. Wata kuma babbar 'yarta ta cire daga makaranta don ta riƙe ƙanana. Mun sha zuwa wurin Kansilan unguwarmu, mutum mai fara'a da tumbi, muna roƙon hukuma ta buɗe mana gidan raino mai sauƙi, tunda dai haraji ba ya tsallake mu. Kullum amsarsa ɗaya ce, ana dubawa.

Da muka gaji da dubawa, ranar da majalisar birni ke zama muka ɗunguma can da 'ya'yanmu. Ba mu ɗaga kwali ba, ba mu yi ihu ba. Muka zauna a kujerun baƙi, muka sauke yaran ƙasa, muka naɗe hannu. Kafin a gama karanta abin da aka tattauna a zaman baya, ɗan matar mai aski, wanda ya ga kansa ba igiya karon farko, ya shige ƙarƙashin babban tebur yana kwance wa manya igiyar takalmi. Wasu tagwaye suka gano lasifika. Wani ya yi abin da yara ke yi a kan darduma. Manaja kuwa kai tsaye ta nufi Shugaban majalisa, dattijo mai baƙin gashi siɗik da ya fi ƙarfin shekarunsa. Ya ɗauke ta don masu ɗaukar hoto. Ta shafa kansa, ta dubi tafin hannunta, ta ɗaga wa duk zauren.

"Bai bushe ba!"

Da dariya ta lafa, Shugaba ya ce don Allah iyaye su kama 'ya'yansu, ba a iya aiki a haka. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, mu a haka muke yi kullum." Ranar aka amince. Kuɗin dai sai da Manaja ta cika baki da haƙora kafin su fito, amma sun fito. Aka gyara wani tsohon ɗakin ajiya na hukuma a ƙarshen layinmu, aka fasa tagogi, aka kawo kujeru 'yan ƙanana da bayan gida daidai yara. Aka ɗauko malamai da suka karanci aikin, shugabarsu wata doguwar mata mai sanyin murya da muke kira Malama Babba. Iyaye su ba da ɗan abin da ba zai karya su ba, hukuma ta cika sauran.

Na zaci Baba zai yi murna. Da na faɗa masa Manaja za ta fara zuwa, sai ya ajiye kofin shayinsa a hankali kamar ƙwai.

"Wato da harajina za a ƙwace min jika."

"Baba, ba ƙwace ba ne. Can akwai yara, akwai wasa, akwai karatu. Nan kalanzir ne."

"Uwata, a shagon nan kika girma. Kin mutu?"

"Lokacin Mama tana nan."

Ban so na faɗi haka ba, amma bakina ya riga ni. Sai ya ce, "Na raine ki, yau kin raina ni. Wannan ba raino ba ne, raini ne." Daga ranar ya kama kalmar, duk wanda ya zauna a bencin shagonsa sai ya ji ta.

Sai ga Kansila ya zo da kansa, a gaban jama'a, ya ce ba wanda ya cancanci rubuta allon sabon gida sai Baba Fenti. In kuma ba shi da lokaci, to, akwai Mai Kwamfuta. Jin sunan nan Baba ya ce yana da lokaci har na sayarwa. Ya tambayi abin da za a rubuta, aka ce GIDAN RAINO NA HUKUMAR BIRNI. Sai ya ce ai "Gidan Kula da Yara" ya fi daɗi a baki. Kansila ya ce majalisa ta riga ta zartar, ko ɗigo ba za a canza ba.

Aka kafa allon a saman ƙofa. Baba ya riƙa zuwa da sassafe, kafin layi ya cika, yana yi kaɗan kaɗan. Layin ƙasa ya kammala tsaf. Na sama kuwa ya tsaya a GIDAN RAIN, da fili a gaba. Kwanaki suka yi ta wucewa filin yana nan. Yau ya ce fentin bai kwanta ba, gobe ya ce iska ta yi yawa. Da Kansila ya matsa, ya sa rana. Mai aski kuma, wanda bakinsa ya fi almakashinsa sauri, ya bi layi yana shela cewa yau Baba zai ja O irin ta da.

Na taso daga aiki na tarar da taro, har da masu ɗora yara a wuya. Na tsaya a baya riƙe da hannun Manaja. Baba yana saman tsani. Ya tsoma burushi, ya zaro harshe, ya ɗaga hannu. Sai ya sauke hannun, ya dafe shi da ɗayan kamar mai tunani. Ya waiwayo ya dubi jama'a, ya dube mu. Daga nan ya zaro rular ƙarfen nan daga ɗamararsa, ya ɗora, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa, ya sauko abinsa.

Wata 'yar makaranta ce ta karanta da ƙarfi, tana rarrabewa yadda aka koya musu. "Gi-dan Rai-ni."

"Baba, an ɗan samu kuskure," in ji Kansila, yana share gumi.

"Ni ban taɓa kuskure a allo ba," Baba ya ce. "Abin da ake yi min na rubuta." Ya dube ni, ya saɓa tsaninsa ya wuce.

Kunyar da na ji ranar ba ta faɗuwa. Ni na ja matan unguwa zuwa majalisa, ga ubana ya mayar da wahalarmu abin dariya. Kuma layin ya yi dariyar har ya ƙoshi. Matar mai aski ta jawo mijinta wai a sa shi a aji na gaba, ya wuce na 'yan koyo. Wata tsohuwa ta zo nema wa matar ɗanta aikin koyarwa, ta ce duk garin nan ba wanda ya kai ta ƙwarewa. Wani ya tsaya da gaske yana tambayar Malama Babba, koyarwa ake yi ko magani ake bayarwa? Kansila ya sa aka rataya ƙyalle a kan harafin, iska ta riƙa ɗagawa kamar da gayya. Kafin mako ya zagayo, masu motar haya sun sa wa tashar da ke gaban gidan suna. "Raini! Akwai mai sauka a Raini?"

Ni kuwa na yanke hukunci irin na masu zuciya a kusa. Tunda an fara karɓar yara kafin bikin buɗewa, na kai Manaja, na kuma ce ta bar shago ke nan, ko leƙe. Da safe mu bi ta ƙofar baya, da la'asar mu dawo ta can. Ta yi kukan Baba Tsoho, haka take kiransa, na toshe kunne. Ta taga nakan hango shi a benci shi kaɗai, kwalin nan yana bayan tebur bai ɗauke ba. Kansila ya aiko cewa kafin ranar biki za a sauke allon a ba Mai Kwamfuta. Na ce a gaishe shi, ya yi daidai. Tsohon zai rasa jika ya rasa allo a wata ɗaya, kuma a lokacin gani nake shi ya saya da kuɗinsa.

Wata la'asar na je ɗaukar ta, Malama Babba ta ja ni gefe.

"Maman Manaja, ba na so in tayar miki da hankali. Kin taɓa lura da hannunta?"

Na tambaye ta me ya samu hannun. Ta ce yarinyar akwai kai, layi miƙaƙƙe ma ta fi kowa iyawa a ajin. Amma da zarar an ce a zana da'ira sai hannunta ya kama rawa. Tunda a asibiti nake aiki, ko zan nuna wa likita? Ta zaunar da ita a 'yar kujera, ta ba ta alli da allo, ta ce ta zana wa Mama ƙwallo.

Manaja ta gyara zama. Ta zaro harshe ta gefen baki. Ta ɗora alli, sai ta shiga karkaɗa hannu da gangan, kar-kar-kar, layin yana tafiya kamar tsutsa, ya zagayo bai haɗu ba. Ta ja tsaki irin na tsofaffi.

"Ja'ira!" ta ce wa da'irar. Ta goge da gefen riga, ta dafe hannun da ɗayan, ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Kar ki faɗa wa Mama."

Malama ta fara murmushi, da ta ga fuskata ta fasa. Na durƙusa na ce, "Wa yake yin haka?"

"Baba Tsoho. Haka ake yin O."

Ranar ta ƙofar gaba muka bi. Na riƙa karanta allunan layinmu kamar baƙuwa. Kanti. Masauki. Mafita. Ba lambar waya ko ɗaya, saboda sifiri ma ai da'ira ce. Ga allon mai hoto ya koɗe, O biyu a kalma ɗaya, dole a tono rigimar kujera. Ga murafen da ba a danne ba, ga kofin shayi da ake ajiyewa kamar ƙwai, ga hannuwa kullum a aljihu. Shekaru mutumin nan yana canza wa unguwa guda harshe don kada a gane hannunsa ya tafi. A saman tsanin nan, da ido ya yi masa yawa, ya gwammace a ce mugu ne da a ce Allah sarki. Ni da nake wuni cikin marasa lafiya ban ga na gidanmu ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi.

Washegari na roƙi Kansila ya dakata da maganar Mai Kwamfuta. Ya ce ana dubawa, na ce a'a, an gama dubawa. Na sa kafinta ya sauko da allon ya kai shago, na tura ƙofa, na tsaya da Manaja da jakarta ta makaranta. Baba ya dubi allo, ya dube ni, ya dubi yarinyar da ta riga ta haye cinyarsa.

"Ta zana min O a makaranta," na ce. "Irin taka."

Ya sunkuya ya dubi yarinyar. Sannan ya lakace mata hanci. "Manaja, kin tona asirin kamfani."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba, Baba?"

"In ce me? In ce ki kawo min 'yarki in riƙe, ni da ba na iya murɗa murfin kwalba? Da kin ɗauke ta tun tuni." Ya ciro hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa, muka zuba masa ido yana ta rawarsa. "Ranar kalanzir ɗin nan ban runtsa ba, Uwata. Na san kin fi ni gaskiya. Sani daban ne, bayarwa daban."

Na share idona da gefen mayafi, na ce to yanzu sai a gyara allo. Ya ce da wane hannun? Na nuna masa murfin bokitin fenti. Ya zabura kamar na nuna masa maciji.

"Ni? In tsufa in mutu ɗan murfi?"

Manaja ba ta san ana rigima ba. Ta ji an ce murfi, ta zuge jaka ta ciro kwanonta na abinci, na roba mai ruwan ɗorawa. "Malama ta ce wanda bai iya ba ya kifa kwano," ta ce. "Ba kuka." Ta sauka, ta kifa shi a kan allon, daidai kan harafin rigima, ta dube shi da fuskar aiki. "Baba Tsoho, yi sauri."

Duk duniya ba wanda ya isa ya ba babana umarni a shagonsa sai mutum ɗaya, kuma shi ya naɗa ta da kansa. Ya shafe I ɗin da farin fenti, muka zauna jiran ya bushe, Manaja tana gadi tana korar ƙuda da gargaɗin da ta saba. Da ya bushe na danne kwanon da hannu biyu. Baba ya tsoma burushi, ya jingina shi da bakin kwano, ya zaro harshe. Hannun yana rawa, kwanon yana tare shi. Ya zagaya a hankali, ba a numfashi ɗaya ba, har baki ya haɗu da baki. Na ɗaga kwanon. Ya daɗe yana kallo.

"Ja'ira," ya ce, amma a hankali.

Ranar biki Shugaban majalisa ya zo da hula har kunne, kuma da ya hango Manaja sai ya koma ɗaya gefen. Aka yaye ƙyalle, aka tafa. Mai aski ya ɗaga murya, "Kun gani? Hannun Baba yana nan! Wa zai ja wannan in ba shi ba?" Na zaci Baba zai karɓi yabon ya sa a aljihu tare da hannun. Sai ya miƙe.

"Kwanon Manaja ne," ya ce. "Ni ɗan murfi ne yanzu, ku faɗa wa kowa. Mai hoto, kawo allonka gobe."

Aka fashe da dariya, ana cewa tsohon nan akwai barkwanci. Mai hoto ne kawai bai yi dariya ba. Ya dubi hannun amininsa, ya gyaɗa kai. Masu motar haya kuwa har yau Raini suke kiran tashar, wannan ba fentin da zai goge shi.

Safiyar da ta biyo baya Baba ya ce shi zai kai Manaja gidan raino. Ya sa rigarsa mai kyau, wadda ɗigon fenti bai yi mata yawa ba, na bi su a baya da shirin aiki. A bakin ƙofa ya tsare Malama Babba da bayani. Ba ta son madara da zafi. In ta yi shiru a bi sawu, ɓarna take yi. In akwai kyanwa a gidan a ɓoye ta. Malama tana ta cewa to, Baba, in Allah ya yarda, Baba. Kafin ya gama, Manaja ta hango ɗan matar mai aski a kan lilo, ta zare hannunta ta ruga. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ya tsaya da hannun a buɗe yadda ta bar shi. Ya leƙa ta saman ƙofa har ta ɓace cikin yara.

"An yi mata canjin wurin aiki," ya ce. "Da ƙarin girma."

Muka juyo. A bakin titi motoci suna ta wucewa, na tsaya ina duba hanya. Sai na ji abu ya taɓa tafin hannuna. Tun ina 'yar firamare rabon da mu tsallaka titi hannu cikin hannu, kuma lokacin shi ke riƙe da ni. Hannun yana ta karkarwa cikin nawa, shi kuma yana kallon gaba kamar ba nasa ba.

"Riƙe da kyau, Uwata," ya ce. "Ba ya jin magana."